Darasi: Yadda A Ke Rarrabe 'Yan'uwan Kaska Na Cikin Teku

Dukanmu mun san kaska, mun san kunama da gizo-gizo. Dangi ɗaya ne, gama kowannensu ƙafa takwas gare shi. Amma suna da waɗansu 'yan'uwa ƙanana a cikin teku, waɗanda masana ke kira Halakaridi. Yawancinsu ba su kai milimita 1 ba, wato ƙwayar gero ta fi su girma nesa. Ba su iya iyo ba, sai rarrafe cikin yashi da ciyawar teku. Wani Baturen Ingila, Philip Gosse, shi ya sa wa waɗansunsu suna Halacarus a shekara ta 1855. Yanzu an san iri fiye da 1,000.

To, ƙaƙa za a bambanta abin da ido bai iya gani sosai ba? Sai a ɗora shi bisa gilashi, a duba da madubi mai ƙara girman abu.

Da fari a ƙidaya ƙafafu. Babba yana da takwas, huɗu suna fuskantar gaba, huɗu baya. Ɗan da ya fito daga ƙwai kuwa shida ne gare shi. Mai gaggawa sai ya ce wani iri ne dabam.

Na biyu a duba bayansa. Galibi akwai garkuwa huɗu: ɗaya gaba, ɗaya baya, biyu a gefe wajen idanu. Siffarsu da zanen da ke kansu sun bambanta daga iri zuwa iri.

Na uku a duba baki, da farce, da gashin ƙafa. Gashi guda ɗaya a gaɓa ɗaya ya isa ya raba iri biyu.

Launi ma yakan taimaka. 'Yan zuriyar Rhombognathus suna cin gansakukar teku, don haka cikinsu kore ne mai duhu. Zuriyar Copidognathus ita ce mafi yawan iri.

Don me a sha wannan wahala? Domin idan an ba iri biyu suna ɗaya, ɗayan yana iya ƙarewa saboda ƙazantar ruwa, ba wanda zai sani. Sai an san abin da ke wuri kāna a gane ranar da ya ɓace.

Tambayoyi
1. Ƙafa nawa ƙaramin ke da su?
2. Ina garkuwoyin nan huɗu su ke?
3. Wace hasara ke cikin kuskuren suna?