Darasi na Goma Sha Ɗaya: Kwana a Gandun Daji

Idan makarantarku ta shirya kai ku yawon buɗe ido a gandun daji, tambayar da ya kamata a fara yi ita ce: ina za a kwana? Gandun daji wuri ne da hukuma ta keɓe domin namun daji da itatuwa. Ba a farauta a cikinsa, ba a saran itace, kuma baƙo ba ya kafa tanti inda ya ga dama. Akwai wuraren da aka tanada domin kwanan baƙi, ana kiran kowannensu sansani. Bari mu duba gandaye biyu na arewa maso gabashin Nijeriya.

Na farko shi ne Yankari a Jihar Bauchi, wanda aka buɗe wa jama'a a shekarar 1962. Daga garin Bauchi za ku bi hanyar Gombe zuwa Dindima, sannan ku karkata kudu har ƙauyen Mainamaji, inda ƙofar gandun take. Daga ƙofa akwai tafiyar kimanin kilomita 40 kafin ku isa sansanin Wikki. A can akwai ɗakunan kwana da wurin cin abinci, ga kuma maɓuɓɓugar ruwa mai ɗumi, wadda zafinta ba ya sauyawa rani da damina, wajen digiri 31. Ga wanda bai taɓa kwana a daji ba, Yankari ya fi sauƙi.

Na biyu shi ne Gashaka Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa. Shi ne mafi girma a cikin gandayen dajin Gwamnatin Tarayya, kuma a nan dutsen Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Babban ofishin gandun yana garin Serti. Tafiyar nan ta masu juriya ce, domin wasu wurare sai da ƙafa, kuma kowa da kayansa a baya.

Ku lura da wani bambanci. Tun shekarar 2006 gwamnatin Jihar Bauchi ce ke kula da Yankari, shi kuwa Gashaka Gumti yana hannun hukumar gandayen daji ta tarayya. Saboda haka takardar neman izini ba wuri ɗaya za ta tafi ba. Malaminku zai rubuta ta tun da wuri, ya faɗi yawanku da ranar zuwa. Zai tambayi kuɗin shiga, da inda aka yarda a kafa tanti, da halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Idan ma'aikatan gandu suka ce a dakata, sai a dakata.

Sai batun lokaci, wanda a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sukan zaci damina ce ta fi, domin daji ya yi kore shar. Amma da damina ciyawa takan yi tsawo har ta ɓoye dabba, kuma ruwa yana ko'ina, sai namun daji su watsu. A Gashaka koguna sukan cika har ƙetare su ya gagara. Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu kuwa ƙananan tafkuna sun ƙafe, dole giwa da ɓauna da gwanki su gangaro Kogin Gaji na Yankari su sha ruwa. Akwai zafi, gaskiya ne, amma lokacin gani ke nan. In da hunturu za ku je, ku riƙe bargo, domin sanyin asuba a daji ya fi na cikin gari.

Guzurinku bai kamata ya yi yawa ba: tanti, gidan sauro, tocila, ruwan sha, busasshen abinci, takalmi mai rufi da akwatin magani. Kada ku bar abinci a fili. Bika, wato wani babban biri mai dogon baki, ya saba da mutane a Wikki, yana iya fizge burodi daga hannun yaro, ya kuma shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Kada ku ba shi komai, kada ku tsokane shi. Ba a shiga cikin daji sai tare da jagora. Wutar girki kuwa, a kashe ta da ruwa kafin a kwanta, domin da rani tartsatsi ɗaya ya isa ya kama busasshiyar ciyawa.

Aiki

1. Me ya sa aka fi ganin namun daji a Yankari da rani?
2. Yi amfani da kalmomin nan a cikin jimloli: sansani, guzuri, jagora, maɓuɓɓuga.
3. Rubuta gajeriyar takarda zuwa ga shugaban wani gandun daji, ta nema wa ajinku izinin kwana biyu.