Lambu A Gidan Jinyar Masu Ciwon Ajali: Darasi Kan Shuka Da Dubiya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayarwa, Mai kashewa, Mai fitar da tsiro daga busasshiyar ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani aiki ne da a ke yi a ƙasar Ingila. A can akwai waɗansu gidajen jinya da a ke kira hosfis, watau inda a ke kwantar da marasa lafiyar da likitoci su ka tabbatar magani ba zai warkar da su ba, kamar waɗanda ciwon daji ya ci ƙarfinsu. Gidan da ya zama abin koyi ga sauran shi ne St Christopher's, wanda wata likita mai suna Cicely Saunders ta buɗe a unguwar Sydenham ta birnin Landan a shekarar 1967. Wani majinyaci Bayahude, David Tasma, wanda ya rasu a 1948, shi ya bar mata fam 500 gudummawar farko. Koyarwarta ita ce, raɗaɗin mai ciwon ajali bai tsaya ga jiki ba, ya haɗa da tsoro, da kaɗaici, da damuwar iyali, da neman natsuwar zuciya. Ita kanta a wannan gida ta rasu a 2005. Yanzu gidaje irin wannan sun haura 200 a ƙasar Birtaniya, yawancinsu kuwa da gudummawar jama'a su ke tafiya, ba a karɓar kuɗi daga majinyaci.

Da yawa daga cikin gidajen nan su na da lambu, masu kula da shi kuwa galibi 'yan sa kai ne, ba a biyansu ko kwabo. Akwai tsofaffin ma'aikata da su ka yi ritaya, akwai kuma waɗanda wani nasu ya rasu a gidan. Su ke cire ciyawa, su ba da ruwa, su share ganye, su gyara hanyoyi domin keken marasa lafiya ya wuce. Sukan ɗaga waɗansu komayen shuka sama yadda wanda ke zaune a keke zai miƙa hannu ya taɓa ƙasa. A watan Oktoba sukan binne 'ya'yan waɗansu furanni masu kama da albasa, waɗanda ba za su yi fure ba sai wajen Maris, alhali kuwa da yawa daga cikin majinyatan da ke kallonsu ta taga kwanakinsu ko makwanninsu kaɗan ne su ka rage.

A nan mai karatu zai iya tambaya, mene ne amfanin shuka wa mutumin da ba zai ga furen ba? Shari'a ta amsa wannan ta fuskoki uku.

Ta farko, shuka ita kanta sadaka ce. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, hadisin da ma'anarsa ke nuna cewa duk abin da Musulmi ya dasa ko ya shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ya amfana da shi, a na rubuta masa ladan sadaka. Imam Ahmad kuma ya ruwaito, shi ma daga Anas, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda tashin ƙiyama ta riske shi da ɗan dashen dabino a hannu ya dasa shi in ya sami iko. Dabino kuwa sai ya yi shekaru kafin ya yi 'ya'ya. Ashe ƙurewar lokaci ba hujja ba ce ta barin aikin alheri, gama bawa aiki a ka ɗora masa, sakamako na Allah ne.

Ta biyu, dubiya haƙƙi ce ta marar lafiya a kan masu lafiya. Muslim ya ruwaito daga Sauban cewa an kamanta mai duba marar lafiya da wanda ke cikin tsinkar 'ya'yan itatuwan Aljanna har ya komo. Buhari kuma ya kawo labarin yaron nan Bayahude da ke yi wa Annabi hidima, wanda ya kwanta ciwo, Annabi ya tafi har gida ya duba shi. Malamai sun so mai dubiya ya taƙaita zama kada ya gajiyar da majinyaci. To, mai aikin lambu ya sami hanyar kasancewa kusa da marar lafiya ba tare da ya nauyaya masa ba. Ba ya tsare shi da tambaya, ba ya tilasta masa magana. In majinyacin ya so hira ga shi a kusa, in ya so shiru sai ya zauna a inuwa ya yi ta kallo.

Ta uku, mai ciwon ajali rayayye ne har ransa ya fita, haƙƙinsa bai ragu da komai ba. Jabir ɗan Abdullahi ya ba da labari, kamar yadda Muslim ya ruwaito, cewa saura kwana uku Annabi ya yi wafati ya yi horo da kada mutum ya mutu face ya na kyautata zato ga Allah. Wanda a ka bari shi kaɗai a ɗaki mai duhu, Shaiɗan kan sami ƙofar jefa masa yanke ƙauna. Wanda kuwa a ka fito da shi ya sha iska, ya ga tsiro ya na fasa ƙasa, an tuna masa da rahamar Ubangiji da tashi bayan mutuwa, domin Alƙur'ani a wurare da dama, kamar surar Hajji da surar Rum, ya kafa hujjar tashin matattu da rayuwar ƙasa bayan ruwan sama.

Musulmin farko sun san wannan. Sarki Yakubu Almansur, wanda ya yi mulki daga 1184 zuwa 1199, ya gina asibiti a Marrakesh ta ƙasar Maroko, ya sa a ka dasa itatuwa masu 'ya'ya da masu ƙanshi, a ka jawo ruwa ya na gudana a cikinsa. Asibitin Nuruddin na Dimashƙa, wanda a ka gina a 1154, shi ma tsakar gida gare shi da tafkin ruwa a tsakiya. Binciken zamani ya ƙarfafa hikimarsu. A 1984 wani masani Ba'amurke, Roger Ulrich, ya buga nazarin majinyata 46 da a ka yi wa fiɗar matsarmama a wani asibiti na jihar Pensilbaniya. Waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bango komawa gida, kuma ba su bukaci maganin raɗaɗi mai ƙarfi da yawa ba.

Abin da ya wajaba a lura da shi a ƙasashenmu shi ne halin da majinyaci kan shiga idan a ka sallamo shi daga asibiti a ka ce sai addu'a. Makon farko gida kan cika da masu gaisuwa, daga nan ƙafa ta ɗauke, a bar matarsa ko 'yarsa da dukan wahala, sai ranar jana'iza a sake cika. Jinyar wanda ba shi da mai jinya kuwa farilla ce ta kifaya, idan kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Ba sai an gina hosfis ba kafin a fara. Samarin unguwa na iya raba kwanaki, wannan ya share tsakar gida, wancan ya ɗebo ruwa, wani ya kafa rumfa ko ya dasa zogale da lalle inda majinyaci zai gani daga shimfiɗarsa. Jama'ar masallaci kuma na iya neman izinin hukumar asibitin garinsu su dasa itatuwan inuwa inda masu jinya ke zama, da sharaɗin su ɗauki nauyin ban ruwa har rani ya wuce, domin aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne.

Mai wannan aiki ya kiyaye abu uku: ya tsarkake niyya, ya rufe sirrin abin da ya gani a gidan mutane, kada kuma ya yi wa majinyaci alkawarin warkewar da ba ta hannunsa, sai dai ya yi masa addu'a da kyakkyawar magana.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya sa a cika da imani. Amin.