Darasi na Uku: Rage Illar Miyagun Ƙwayoyi

Yadda aka faro

Shekaru da dama, horo mai tsanani shi ne babban makamin hukuma a kan miyagun ƙwayoyi. Dokar tabar wiwi ta 1966 ta yanke ɗaurin shekara 10 ga wanda aka kama da ita. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta kawo hukuncin kisa ga masu fatauci, har aka harbe mutum uku a Legas cikin 1985. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA. Duk da haka shaye-shaye bai ragu ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 suna ta'ammali da ƙwayoyi, daga cikinsu kimanin 80,000 suna yi wa kansu allura. Ɗaya daga cikin masu binciken ita ce cibiyar CRISA, wadda aka kafa a Jos cikin 1990.

Mene ne rage illa?

Ma'anarsa ita ce a tsare ran mashayi da lafiyarsa tun kafin ya iya dainawa, domin sai da rai ake tuba. Hanyoyinsa uku ne:

1. Ba da sabuwar allura. In mutane da yawa suka yi tarayya a allura ɗaya, jinin wani yakan shiga jikin wani, ta haka ƙanjamau da ciwon hanta suke yaɗuwa, har su kai ga matan aure da jarirai. A 2020 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta gwada wannan shiri a jihohin Gombe da Oyo da Abiya.

2. Maganin naloxone. Yawan tramadol ko kodin ko hiroyin yakan danne numfashi. Wannan magani yana farfaɗo da mutum cikin 'yan mintoci.

3. Maganin methadone, wanda likita yake bayarwa bisa ƙa'ida don kwantar da ƙishirwar ƙwaya.

Wannan bai soke doka ba. Fatauci laifi ne, mai yin sa kuwa kotu ce makomarsa. Amma wanda ƙwaya ta kama majinyaci ne.

Aikin jama'a

A wuri irin unguwar Abatuwa ta Jos, inda samari suke sammako wajen fiɗa da dako, wani yakan fara da ƙwaya ɗaya don kashe gajiya, kafin ya ankara ta zame masa jiki. Saboda haka ana roƙon sarkin fawa da masu unguwa da limamai da fastoci kada su kori irin wannan yaro, gama korarre ɓuya yake yi, ɓoyayye kuwa ba ya samun magani. In an ga mutum ya sume, numfashinsa ya yi ƙasa, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja, a gaggauta kai shi asibiti. Mai neman dainawa kuma a raka shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos.

Ɗan da aka ceto yau, shi ne magidancin gobe.