Gadar Jirgin Ƙasa ta Makurdi a Kan Tebur: Darasi Cikin Awo da Kalmomi

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. Ɗalibin harshe yakan haddace kalma alhali bai taɓa ganin abin da take nufi ba, kuma wannan matsala ta fi damun irina, waɗanda Hausa harshe na biyu ce gare mu. Misali, layin dogo bai taɓa shigowa Mubi ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne wanda ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964. Saboda haka yaro a nan zai iya karanta "tarago" a littafi har ya ci jarrabawa, amma a ce ya zana shi, sai ido ya raina fata. Wannan maƙala za ta nuna yadda na haɗa ƙaramin samfurin gadar jirgi da karan dawa, da abin da ɗalibin Hausa zai ƙaru da shi.

Taƙaitaccen Tarihin Gadar

Na zaɓi tsohuwar gadar Makurdi ne domin tana kan kogin Binuwai, wanda ya ratsa jiharmu ta Adamawa kafin ya isa can. Jirgin ƙasa ya shiga Kano a 1911. Daga baya aka ja wani layi daga Fatakwal, ya bi ta Inugu mai arzikin kwal, ya haɗe da na Arewa. Binuwai ne ya tsaya masa a tsakiya, har ya zama sai an ɗora taragai a jirgin fito an haye da su. Kamfanin Sir William Arrol na Birtaniya ya gina gadar, aka buɗe ta a 1932. Tsawonta kusan rabin mil ne, wato kimanin mita 800, kuma shekaru da dama jirgi da motoci suka yi suna bin ta tare.

Ma'auni

Yaran unguwa sun daɗe suna yin motar kara, sai dai su da ido suke awo. Abin da ya raba samfuri da abin wasa shi ne ma'auni: kowane sashe za a rage shi da adadi iri ɗaya. Na ɗauki ma'aunin 1:50, ma'ana santimita 1 a kan tebur tana wakiltar santimita 50 a zahiri.

A wannan lissafi, gadar gaba ɗaya za ta kai mita 16, ta fi ƙarfin aji. Don haka yanki mai tsawon mita 50 ya isa, shi ne mita 1 a kan tebur. Faɗin tsohon layin dogon Nijeriya ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, wanda zai koma kimanin milimita 21. Tarago mai mita 12 zai zama santimita 24. Mutum mai tsayin santimita 170 kuwa ba zai kai santimita 4 ba. Yana da kyau a tsayar da ɗan mutum-mutumi irin wannan a gefen gadar, domin shi ne zai nuna wa mai kallo ainihin girmanta.

Kayan Aiki da Matakai

Ana bukatar busasshen karan dawa, reza, rula, gam, zare, kwali, gwangwani, marafan kwalba, maɓallai, yumɓu da falanki.

1. A zana gefen gadar a takarda da cikakken awonsa, a riƙa ɗora kowane kara a kan zanen kafin a yanke.

2. A gina ƙafafun gada da yumɓu a kan falanki, tsayinsu ɗaya, a bari su bushe a inuwa don kada su tsage.

3. A feƙe ɓawon kara siri-siri, a riƙa soka shi cikin farin cikin kara mai laushi, kamar yadda yara suke yi, sannan a ɗiga gam.

4. A haɗa gefe biyu, a shimfiɗa kwali a tsakaninsu, a jera gajerun ɓawon kara a gicciye, a ɗora dogaye biyu a kai, tazararsu milimita 21.

5. A naɗe yankakken gwangwani ya zama tukunyar ruwan kan jirgi, faɗinta kamar santimita 3. Gwangwanin tumatir yadda yake ya yi girma. Marfin kwalba ya dace da manyan ƙafafun kan jirgi, maɓalli kuma da na tarago.

Sirrin aikin yana wajen haɗa gefen gada. Idan aka haɗa kara huɗu murabba'i aka danna, nan take zai karkace. Idan aka gitta kara na biyar daga kusurwa zuwa kusurwa, ya rabu alwatika biyu, sai ya ƙi motsi, domin alwatika ba ta sauya siffa sai ɗaya daga cikin gefunanta ya karye ko ya lanƙwashe. Dalilin ke nan da ya sa ƙarafan irin wannan gada suke a giggicce. Mai karatu ya gwada da kansa: ya ɗora littafi a kan gadar kafin gittawa da kuma bayanta.

Ribar Ɗalibin Harshe

Kowane sashe da na manna, sai na rubuta sunansa a 'yar takarda na liƙa. A nan na lura da hanyoyi uku da Hausa ta bi ta karɓi wannan baƙon abu.

Ta farko ita ce aro tare da hausantarwa, galibi daga Ingilishi: reluwe, tasha, injin, lebura, diga, shebur. Ita ma kalmar gada ana danganta ta da sunan dogon ƙarfen da ake ɗora gini a kansa a Ingilishi, alhali Hausa tana da tata, wato kadarko.

Ta biyu faɗaɗa ma'ana. Jirgi a da na ruwa ne, ya zo ya haifi jirgin ƙasa da jirgin sama. Dogo sifa ce, ta zama sunan titin jirgi.

Ta uku aron sassan jiki: kan jirgi, ƙafar jirgi, ƙafar gada, bakin gada.

Kammalawa

Ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara, musamman masu shirin zuwa koyon aikin koyarwa, su gwada wannan da ɗalibansu bayan girbi, lokacin da kara yake ko'ina. A raba aji rukuni-rukuni: wasu awo, wasu gada, wasu jirgi, wasu rubuta sunaye. Daga ƙarshe a sa kowane yaro ya tsaya gaban samfurin ya bayyana da Hausa yadda jirgi yake haye kogi. Wanda ya yanke kara ya haɗa tarago da hannunsa, da wuya kalmar ta sake ɓace masa.