Kafin Ka Kai Kuɗin Riɗinka Wurin Mai Babur

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini ka haɗa kuɗin riɗin bana da na ragunan da ka sayar, wai babur kake so. Na yi murna ƙwarai. Matso nan mu yi magana kafin ka kwance ƙullin.

Kada ka fara daga shagon mai sayarwa. Je ka rumfar bakanike a nan Baure ka wuni, ka ga wane babur ake yawan kawo masa, kayan wanne ke rataye a jikin ƙusa. Babur ɗin da sai an aika Daura ko Kano kafin a samo masa sarƙa ko kafireto, zai kwana a zaure ranar da kake tsananin bukatarsa. Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya bai cika ƙauyukanmu don ado ba. Yana da tsayi, kujerarsa doguwa ce, yana ɗaukar buhun gero da mai buhun, kuma kowane yaron bakanike ya san cikinsa. Irin su Jincheng na ƙasar Sin ma an daɗe ana morarsu. Roba-roba kuwa yana da daɗin hawa a kwaltar cikin Daura, amma ƙasarmu rairayi ce, kai ma ka san yadda hanyoyin ƙauyukan bayan Babban Mutum suke da rani.

Duk wanda ka zaɓa, hau shi a tsaye tukuna. In tafin ƙafafunka biyu ba su taka ƙasa sosai ba, bar shi ko da ya burge ka. Sabon mahayi a rairayi ƙafarsa ce ke cetonsa. Ni kaina makona na farko na damƙe birkin gaba cikin yashi, sai ga ni a ƙasa, salansa ta ƙone mini ƙwauri. Tabon yana nan. A yashi ka sa ƙaramar giya, ka riƙe totur daidai, ka dubi nesa, kada ka kafa wa tayar gaba ido.

Ka tambayi masu hawa nawa yake shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan tambaya ta zama ta farko a gidaje da yawa.

In na hannu za ka saya, a nan nake jin tsoro. Mu mutanen bakin iyaka ne, babura na shiga da fita tsakaninmu da Nijar, a ciki akwai na sata. Ka nemi rasit na asali, ka gwada lambar inji da ta jikin ƙarfen da abin da ke rubuce, a yi cinikin gaban shaidu. Ka tayar da shi da sanyin safiya. In yana fitar da hayaƙi mai shuɗi, injin na cin baƙin mai.

Ka rage wani abu don lamba da hular kwano. Na san samari na jin kunyar hular. Na raka gawar yaron da da ita a kansa, wataƙila da yanzu yana gona, kuma har yau ina tuna fuskar mahaifinsa.

Ranar da ka kawo shi, kada ka goya ƙannenka sai hannunka ya faɗa. Gobe bayan azahar ka biyo mini mu je wurin bakaniken tare.