Darasi: Kada Mu Yafe Hakkin da Ba Mu Sani Ba

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan sa hannu ne. Akwai wani irin ciniki da ya yi ƙarfi a Amurka. Babban kamfani yakan ba mutum izinin buɗe shago da sunansa da kayansa, shi kuwa yana biyan kamfanin wani kaso daga cinikinsa. Haka yawancin shagunan abinci na McDonald's suke, kuma izininsu yakan kai shekara 20.

Idan wa'adi ya cika, sai a sabunta yarjejeniya. A nan ne ramin yake. Kamfanoni da yawa sukan ce ba za su sabunta ba sai mai shago ya sa hannu cewa ya yafe duk wata ƙara da zai iya kai su, wadda ya sani da wadda bai sani ba. Wasu har da abin da bai faru ba tukuna. Mai shago ya riga ya zuba dukiyarsa a wurin. In ya ƙi, ya rasa shago. In ya yarda, gobe ya gano an cuce shi a lissafi, ba shi da bakin neman diyya.

Me doka ta ce?

1. Tun 1979 gwamnatin Amurka ta tilasta wa kamfani ya ba mai son shiga takardar bayani. Bisa gyaran 2007, sai takardar ta kwana 14 a hannunsa kafin ya sa hannu ko ya biya kuɗi. Sashe na 17 ne ke bayyana sharuɗɗan sabuntawa.

2. A jihar Kalifoniya, sashe na 1542 na dokar hulɗar jama'a ya ce yafewa ta gaba ɗaya ba ta shafi hakkin da mutum bai san yana da shi ba. Saboda haka kamfanoni sukan nemi a yafe wannan kariyar ita ma. Mu lura da wannan dabara.

3. A Ostareliya, dokar wannan ciniki ta hana kamfani ya sa irin wannan yafewa ta gaba ɗaya cikin yarjejeniya.

Ina ruwanmu da wannan? Ƙungiyar gama kai da ta zama dillaliyar kamfanin taki ko iri, ita ma takan sabunta takarda. Dokokin can ba su kāre mu a nan, amma hankalin ɗaya ne. Tun ran gini ran zane. Kafin shugaba ya sa hannu:

a. A karanta takardar duka a gaban taro, a fassara ta.
b. Ma'aji ya duba littafi, a rubuta bashi da kowane ƙorafi, a warware su tukuna.
c. A nemi yafewar ta tsaya ga abin da aka ambata da suna, zuwa ranar sa hannu kaɗai.
d. In za mu yafe musu, su ma su yafe mana a rubuce.
e. A nemi shawarar lauya ko jami'in gama kai. Kuɗin shawara bai kai hasarar shekara guda ba.

Tambayoyi domin tattaunawa:

1. Yaushe wa'adin yarjejeniyarmu zai cika?
2. Wa yake ajiye kwafinta?
3. Idan aka ce mu sa hannu yau ko mu rasa dillanci, me za mu amsa?