Me Ya Sa Maganin Tsutsar Ciki Ke Daina Aiki?

Malam makiyayi, idan ka ɗura wa tumaki albendazole, ba duk tsutsotsin ke mutuwa ba. 'Yan kaɗan masu jure magani sukan tsira, ƙwansu ya fita cikin kashi, 'ya'yansu su gaji jurewar. Yawan maimaita magani ɗaya da rage awo don tattalin kuɗi su ke ba su damar yaɗuwa.

Auna magani bisa nauyin dabba. Akuya ma tana buƙatar awon da ya fi na tunkiya. Kada ka ɗura wa garke duka. Buɗe fatar ido, dabbar da cikin fatar idonta ya yi fari ita ce jininta ya ragu, ita za ka ba. Sauran za su riƙe tsutsotsin da magani ke ci, don kada masu jurewa su yi rinjaye.

In magani ya ƙi aiki, kai kashi wurin likitan dabbobi.